Yi wa Bishiya Aski da Ƙaramin Zarto Mai Sarƙa: Daga Duban Reshe Zuwa Adana Batir

Daga ƙarshen Afrilu, da zarar hadari ya fara haɗowa ta gabas, duk mai gidan da ke da dogonyaro a tsakar gida a Gombe idonsa kan koma kan rassan da suka yi wa kwano rumfa. Iskar farkon damina ba ta sallama. Dare ɗaya take karya reshe ta ɗora a kan ɗaki, gari ya waye ana neman kafinta. Masu lambu a Dadin Kowa su ma da nasu lokacin: ana gama tsinke mangwaro sai batun rage rassa ya taso. A da aikin na adda ne da gatari, a sami saurayi mai ƙarfin hali ya tuɓe takalmi ya hau. Yanzu ƙananan zartuna masu sarƙa, masu aiki da batir, sun shigo kasuwa, kuma hannun kowa yana kaiwa gare su. Malamin makaranta ya saya, ɗan fansho ya saya, mai gidan gona ya saya ya miƙa wa yaransa.

Na yi murna da zuwan wannan inji, domin yankansa ya fi na adda tsabta nesa ba kusa ba, kuma bishiya ta fi saurin rufe rauninsa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukarsa kamar abin wasa saboda ƙanƙantarsa, alhali ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mai sara da adda yana samun gargaɗi: sara goma, sara ashirin, reshe ya fara ƙara, ya fara sunkuyowa, mutum ya ga inda ya dosa ya kauce. Sarƙa kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi take raba reshe mai kaurin damtse. Ba a sake shawara a tsakiyar yanka. Duk tunanin da za ka yi, sai ka gama shi kafin yatsanka ya taɓa maɓalli.

Iri uku aka fi gani. Akwai mai baki kamar na kada, mai mariƙi biyu kamar almakashi: muƙamuƙinsa ya cafke reshe, sarƙar da ke ciki ta yanke. Kamfanin Black & Decker ya yi suna da shi, kuma iyakarsa reshe mai kaurin inci 4, kusan santimita 10. Shi ya fi dacewa da ɗan koyo, don rabin sarƙar a rufe yake, kuma ba ya tashi sai an matse maɓallan hannu biyu tare. Akwai ɗan ƙarami mai buɗaɗɗen harshe, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, inci 4 ko 6, wanda za ka ga an rubuta 18V ko 21V a jikin batirinsa. Shi ya fi araha, shi kuma na fi jin tsoro, nan gaba za ka ji dalili. Na uku shi ne mai doguwar sanda, na rassan sama. Ko wanne ke hannunka, ga ma'auni mai sauƙi: reshen da yatsun hannayenka biyu ba za su zagaye shi su haɗu ba ya fi ƙarfin wannan inji, a nemi masu babban zarto da suka san aikin.

Bishiyar za ka fara dubawa

Bar injin a ɗaki, ka zagaya bishiyar sau biyu kana kallon sama. Abu na farko da za ka nema waya ce. Ɗanyen itace yana ɗaukar wuta, kuma babbar waya ta 11kV ko 33kV ba sai an taɓa ta ba, wutarta kan yi tsalle ta kama abin da ya kusance ta. Idan kai, ko injin, ko reshen da zai faɗo, wani zai zo ƙasa da mita 3 daga wayar da ta shiga gida, dakata. Idan babbar waya ce ta kan titi, aikin ba naka ba ne sam; ka je ofishin kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda Gombe da Bauchi ke ƙarƙashinsa, ka sanar da su. Kada kuma ka ce ai an ɗauke wuta tun safe. Ana iya dawo da ita kana tsakiyar yanka, kuma janareton maƙwabci da aka jona ba daidai ba yana iya tura wuta cikin layin.

Sai ka nemi mazauna bishiyar. Rina kan yi gida a ƙarƙashin ganye, zuma kan shiga kogo, mangwaro kuma kan tara jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye. Mutumin da rina ta harba a wuya ba ya tuna cewa sarƙa na gudu a hannunsa. Duba ko akwai busasshen reshe da ya karye ya sagale a sama, domin girgizar yanka za ta sako shi. Ƙwanƙwasa reshen da za ka yanke da ƙotar adda. In ya yi amo kamar ganga, gara ta ci cikinsa, zai karye tun kafin lokacin da kake zato.

Bishiyar gida tana da wani abu da ta daji ba ta da shi: ƙusa da waya. Shekara da shekaru ana ɗaura igiyar shanya, ana kafa ƙusa a rataye buta ko fitila, ɓawo ya girma ya haɗiye su. Shafa wurin da za ka yanka da hannu, in ka ji wani tudu ko ka ga tsatsa ta zubo, matsa gaba.

Yanzu duba ƙasa. Auna tsawon reshen da ido, ka share fili ninki biyu na wannan tsawo, don reshe in ya faɗi da ganye kan yi tsalle ya dawo da gindinsa. A janye babur, randa, tukunyar girki. A ɗaure awaki. A lura da faifan sola in yana kan kwano. Yara su ne babbar magana, domin ƙarar inji kiransu take yi. Ka sami babban mutum guda ya tsaya nesa, aikinsa kawai ya tare su ya kuma sa maka ido. Ba a wannan aiki mutum ɗaya a gida ko a lambu.

Babbar riga da jallabiya mai faɗin hannu a ajiye su, haka rawani mai jela da carbi a wuya. Mace mai lambu ta ɗaure mayafinta ta soke bakinsa cikin riga. Sa riga mai dogon hannu da ta kama jiki, domin ruwan mangwaro da na yazawa yana ƙona fatar wasu. Sa tabarau na aiki, wanda ya rufe gefen ido, da safar hannu mai kauri, da takalmi rufaffe mai tauri. Silifa ba ta shiga wannan aiki. In reshen ya fi kanka tsawo, sa hular kwano irin ta magina. Yi aikin da sanyin safiya, balle mai azumi. Wanda ya sha maganin mura mai sa barci ya bari sai gobe.

Injin, batir a cire

Wannan ɗabi'a ita za ka riƙe har ta zama jiki: in ba yanka kake yi ba, batir yana aljihu. Gyaran sarƙa, zuba mai, cire ganyen da ya maƙale, tafiya daga bishiya zuwa bishiya, amsa waya, duk batir a cire. Mai igiyar wuta kuma a zare shi daga soket, kuma lokacin aiki igiyar ta bi ta bayanka.

Dubi haƙoran sarƙar da ke saman harshe. Kaifinsu ya fuskanci gaba, wajen bakin harshe. Da yawa sukan sa ta a juye bayan sun wanke, sai su ga hayaƙi babu yanka, su ƙara dannawa, daga nan inji ya zame. Sannan kama sarƙar a tsakiya da safar hannu ka ɗaga. Ta ɗago kamar milimita 2 zuwa 3, ƙafafunta ba su fita daga ramin harshe ba, in ka saki ta koma da kanta. In tana lilo a ƙasa ta yi sako-sako, za ta iya fita; in ba ta jawuwa da hannu ta yi tsauri, za ta ci harshe ta cinye batir. Sassauta noti, juya ɗan sukurun ja, sake ɗaurewa. Sabuwar sarƙa tana miƙewa da wuri, don haka ka sake dubawa bayan yanka biyar ko shida na farko. Kada ka ɗaure ta tamau tana da zafi, in ta huce za ta tsuke.

Wasu injinan suna da ɗan tankin mai, wasu sai dai ka ɗiga da hannu lokaci zuwa lokaci. Man sarƙa shi ne daidai. In babu, man gyaɗa mai tsabta zai fitar da kai na yini guda, amma ka goge shi bayan aiki don yana daskarewa ya yi danƙo. Baƙin man da aka juye daga mota ko janareto cike yake da garin ƙarfe, yana cin sarƙa, kuma shi za ka bari a raunin bishiyar da iyalinka ke cin 'ya'yanta. Mai tanki, gwada shi a kan kwali: in ya yi ɗan feshi, mai yana zuwa.

Akwai ɗan maɓallin kulle da sai an danna shi kafin babban ya yi aiki. Na ga waɗanda suka naɗe shi da salatif wai yana gajiyar da yatsa. Warware shi. Haka murfin da ke saman harshe, kada ka cire.

Ƙafa biyu a ƙasa, hannu biyu a inji

A lambun Baffana akwai wani matashi da ke taya shi aiki, mai ƙwazo, ya iya adda tun yana yaro. Ranar da ya fara riƙe ɗan ƙaramin zarton nan, yadda ya saba da adda haka ya yi: hagu ta riƙe reshen gwaiba, dama ta yanka. Baffa yana daga bakin rijiya yana cewa, "Kai ɗan nan, sauke hannun nan!" Kafin maganar ta isa, sarƙar ta zame a kan santsin ɓawon gwaiba ta bi reshen ta sami bayan babban yatsansa. Allah Ya taƙaita, safar hannu ta rage, amma sai da aka yi ɗinki, kuma ya yi makonni bai riƙe fartanya ba. Safar nan har yau tana rataye a bukkar lambun, da tsagar a jikinta.

Dalilin tsorona ke nan. Injin ba shi da nauyi, hannu ɗaya ya isa ɗaukarsa, sai ɗayan ya rasa aikin yi ya tafi riƙe reshe. Ka ba wannan hannun aiki: ya dafa jikin injin a inda aka tanada, ko ya riƙe wuyan hannun dama. In reshe yana rawa, mataimaki ya tokare shi da doguwar gwafa daga nesa.

Tsaya ƙafafu a buɗe, ɗaya gaba kaɗan, jikinka a gefen layin yanka, yadda in harshe ya yi tsalle zai wuce ta gefen kafaɗarka. Babban yatsa ya zagaye mariƙi. Kada ka yanka sama da kafaɗarka, kada ka hau tsani, ko durom, ko katanga da inji a hannu. Reshe in ya rabu da nauyinsa, ragowar kan zabura sama, wanda ya faɗi kuma kan doki ƙafar tsani. Abin da hannunka bai kai ba na mai doguwar sanda ne, shi ma a karkace ake riƙe shi, kana tsaye nesa da inda reshen zai sauka, kuma ka riga ka san ta inda za ka ja da baya.

Matsa maɓalli sarƙa ta kai cikakken gudu tukuna, sannan ka ɗora. Ɗora gindin harshe, kusa da jikin injin, ba bakinsa ba. Saman bakin harshe shi ne wurin haɗari: da ya taɓa wani reshe na baya ko katanga, sai ya harbo injin sama wajen fuskarka. Kada ka danna. Nauyin injin da kaifin sarƙa sun isa. Dubi abin da ke zubowa. In ɓarɓashi ne manya-manya, sarƙa da kaifi. In gari ne kamar na tuwo, ta dakushe, a wasa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙorinta ko a canza ta. Dab da ƙarshen yanka ka sassauta hannu, don kada injin ya faɗo kan gwiwarka.

Yanka uku

Reshen da bai fi babban yatsan ƙafa kauri ba, yanka ɗaya ya ishe shi. Wanda ya kai damtse, in ka yanke shi daga sama kai tsaye, nauyinsa zai karya shi tun ana rabi, ya yage ɓawo ya sauko da shi jikin bishiya kamar an feɗe ta. Irin wannan rauni shekaru yake yi a buɗe, ta nan gara da ruɓa ke shiga.

In reshen dogo ne, fara rage shi daga ƙarshe, guntu-guntu, kamar tsawon hannu. Sannan daga jikin bishiya ka auna kamar taƙi ɗaya da rabi, wato santimita 30, ka yi yanka na farko daga ƙasa zuwa sama, kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen, ka tsaya. In ka zarce, reshen zai sunkuyo ya danne sarƙa. Mai bakin kada ana juya shi sarƙar ta koma ƙarƙashi. Ɗan ƙaramin mai murfi a sama kuwa bai dace da wannan yanka ba, yi shi da zarton hannu, minti ɗaya ne.

Yanka na biyu daga sama, gaba da na farko da faɗin yatsu uku, wajen ganye. Reshen zai karye a tsakanin yankan biyu ya faɗi, yagewar ɓawo ta tsaya a inda ka tsaga ta ƙasa.

Saura dungu, kuma a nan gwaninta take. Duba inda reshen ya fito daga jikin bishiya, za ka ga ɗan kumburi ya zagaye shi kamar wuyan riga, da wani tudun ɓawo mai yamutsi a sama. Yanka na uku dab da wannan kumburi ake yinsa, ta waje, ba tare da an taɓa shi ba. Wani masanin cututtukan itatuwa ɗan Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa yana duba cikinsu, ya nuna cewa bishiya killace rauni take yi ta gina sabon nama a kansa, kuma daga wannan kumburi ginin ke farawa. In ka shafe shi daidai da jikin bishiya don wurin ya yi kyaun gani, ka cire mata abin rufewa. In ka bar dogon dungu, zai bushe ya ruɓe, ruɓar ta bi shi ciki. Fenti da baƙin mai da ake shafawa ba sa hana ruɓa. Tsabtataccen yanka da iska sun fi su. In ka yanke reshe mai cuta, goge harshe da sarƙa da sipirit kafin ka je bishiya ta gaba.

Sarƙa in ta maƙale, saki maɓalli, cire batir, a ɗaga reshen da gwafa tsagar ta buɗe, ka zare a hankali. Fizga tana lanƙwasa harshe. Reshen da wani ya danne ya tanƙware kamar baka kuwa, ɗauke abin da ya danne shi tukuna, in ba haka ba yana rabuwa zai make ka. Wajen daddatsa waɗanda suka faɗo, ɗora su a kan gungume. Sarƙa ta taɓa yashin Gombe sau ɗaya, kaifinta ya tafi.

Wace bishiya, wane wata

Mangwaro a ƙarshen rassa yake fure, lokacin hunturu. Askinsa da zarar an gama tsinka ne, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, don sabon tohon damina ya nuna kafin sanyi. Wanda ya bari sai Oktoba ko Nuwamba, furen baɗi yake zubarwa. Zaɓi ranar da babu ruwa, ka cire busassu, da masu gogar juna, da ɗaya ko biyu na tsakiya don rana da iska su shiga. Gwaiba a sabon toho take 'ya'ya, tana son aski. Lemo kaɗan yake so: busassu da miƙaƙƙun tsiron nan masu ƙaya da ke fitowa daga gindi. Dogonyaron kan kwano a rage shi a Maris ko Afrilu, kafin iska. Kauci kuwa ko yaushe ka gan shi, yanke reshen can ƙasa da inda ya kama, don saiwarsa tana cikin itacen. Tsinke ganyensa kawai ba ya kashe shi. Mai lambun da ke son zurfafawa, Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya tana nan Dadin Kowa.

Kada ka ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda. Sauƙin yanka yana ja, ka ce bari in ƙara wannan, bari in ƙara wancan, ka waiwaya ka ga inuwar da kaka ta dasa ta zama sanda. Bayan kowane reshe biyu, cire batir, ja da baya ka kalli bishiyar. Itatuwan bakin titi, har da waɗanda aka dasa a shirin dashen itatuwa na 3G da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta fara a 2019, na jama'a ne, sai da izinin hukuma. Na maƙwabci da ya leƙo gidanka, yi masa sallama ku yi magana kafin ya ji ƙarar inji.

In tsautsayi ya faɗa, danne raunin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, ɗaga hannun sama, in jini ya jiƙa ƙyallen ƙara wani a kai ba tare da cire na farko ba, a tafi asibiti. Kada a zuba ƙasa, toka, fetur ko man goge baki. A tambayi allurar tetanus. In yatsa ya rabu, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan damshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara, a nufi babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ba tare da ɓata lokaci ba.

Rassan da ka tara, kwashe su a ranar. Tarin ganye mafakar maciji ne, kuma duk ɗan jihar nan ya san abin da ya sa asibitin saran maciji yake Kaltungo. In sun kwana, juya su da gwafa kafin ka sa hannu.

Buɗe murfin gefe ka share ɓarɓashi da tsohon buroshi, goge danƙon mangwaro da ɗan kananzir, shafa wa sarƙa mai, mayar da kube. Batir ya huce kafin caji, kada ka bar shi a rana ko cikin mota a zafin Maris da Afrilu, kuma in zai daɗe ba aiki ajiye shi da rabin caji. Wanda ya kumbura ko ya tsage, a daina amfani da shi. Inji a wuri ɗaya, batir a wani wurin mai makulli.

Wajen Oktoba, in ruwa ya ɗauke, koma ka duba wuraren da ka yanka. In sabon nama ya zagaye raunin ta ko'ina kamar zobe, yankanka ya faɗa daidai. In ya fito ta gefe biyu kawai, sama da ƙasa babu, ka matsa jikin bishiya da yawa. Baɗi ka ja wajen kumburin da faɗin yatsa guda.